Rigar Toka a Tashar Jibiya

Jibiya,
Talata.

Mu'azu, tambaya ɗaya kafin gaisuwa: mutumin nan da ka turo mini, ka san shi kuwa, ko dai yadi yake saya a shagonku har ka ɗauka aboki ne? Riƙe amsar a bakinka, za ka buƙace ta.

To, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya Kano, ya Kantin Kwari, ya maigidanka, ya iyalinka Salmatu? Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ƙafar ce dai ba ta barinta zuwa unguwa. Ni jikina lau. Sunana ne yake kwance ba lafiya, kuma kai ka aiko masa da cutar cikin mota mai baƙin gilashi.

Na zaɓi takarda da biro ne don in na kira ka a waya sai ka ce Allah ya kyauta, ka kashe, ka koma auna wa hajiyoyi leshi. Takarda ba ta da wurin da ake dannawa ta yi shiru. Direban Kano zai miƙa maka ita hannu da hannu. In ka ga harafi ya karkace ka gyara da idonka, ka san a jikin buhun taki da takardar tsire na koya.

Bari in tuna maka yadda abin ya faro, don kada gobe ka ce ba haka aka yi ba. Alhaji Faruk ya ɗauke ni daga dako, ya ce tunda ina karanta takarda, ni zan riƙa raka motocin hatsinsa: in tsaya a ƙofar Magama a duba takardu, in wuce Ɗan Isa, in isa Maraɗi in yi magana da masu saye. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, in daina zuwa masa da jesin ƙwallo da silifas. Ya ce wanda zai tsaya gaban jami'i da sunansa, kada a gan shi a ɗora masa buhu. Na kira ka cikin murna na ce ka zaɓo mini yadi kala biyu. Kai kuma, da iyayinka na sabon ɗan birni, ka ce ai ba yadi ne maganar ba. Akwai wani Shamsu mai tsara wa mutane shiga, sana'arsa ke nan, ya dubi mutum da aikinsa ya haɗa masa kayan sawa na kullum. Ka ce yana neman irina, mai aikin rana da gumi, don ya nuna wa masu bin shafinsa cewa ba 'yan ofis kaɗai yake iyawa ba. Ni kuwa na ce to. Allah ya isa tsakanina da wannan "to" ɗin.

Ya zo da tabarau a ido, tef a wuya, waya a hannu. Ya gaida Inna har ƙasa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya sa na juye akwatina kan tabarma a tsakar gida, ya raba kayana tsibi uku. Ya ce na farko abin da nake sawa ne, na biyu abin da nake tausayi ne, na uku kuma kayan wani mutum ne da nake mafarkin zama. Ya ɗaga shaddar Sallata mai sitaci, ya tsayar da ita a ƙasa ta tsaya da kanta, ya ce wannan ba riga ba ce, ƙyaure ne. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ya ce mutum ba ya buƙatar kaya da yawa, yana buƙatar kaɗan waɗanda kowace riga za ta zauna da kowane wando, ka tashi da safe ka miƙa hannu, duk abin da ka kamo daidai ne. Sauran kuma a bayar sadaka, don tsohon kaya in yana akwati sai ya kira ka. Na kwashe na kai tasha na rabar wa abokan dakona. Idi ɗan Maraɗi, ka tuna shi, mai ɗaukar jarkokin fetur a babur, shi ya samu shuɗin kaftanina. Nan take ya zura, yana juyi yana cewa yau Suwaiba za ta san ta auri mutum.

Daga nan ne fa. Shamsu ya ce shi ba ya ɗinka wa mutum kaya sai ya san yininsa. Ya bi ni tun safe har la'asar kamar jela. Duk inda muka tsaya sai tambaya. Yaushe motoci ke tashi? Wace hanya ake bi? In rana ta yi zafi ina ake tsayawa a huta? Masu babur fa, titi suke bi ko daji? Dajin akwai ƙaya? Duk amsar da aka ba shi sai ya danna a waya. Shi a wajensa yadi yake aunawa: in akwai ƙaya a nemi mai kauri, in akwai zama kan babur a saki cinyar wando. Amma Mu'azu, kai ɗan garin nan ne, a nan aka yanke cibiyarka. A Jibiya ko surukinka kana tambayarsa wace hanya yake bi? Na ga idanun mutane a kanmu, na ɗauka sha'awa ce. Na ɗauka cewa suke yi, kai, Uwaisu ya zama babban mutum, har da mai bin sa da tef.

Bai yarda telan garin nan ya taɓa yadin ba. Ya ce su kaftani kawai suka sani da aikin wuya. A Kano aka ɗinka, aka aiko a leda manne da sunana a jiki, direba ya miƙo mini a tsakiyar tasha kowa yana kallo. Na buɗe a gida. Riguna masu gajeren hannu, aljihu biyu a ƙirji kowanne da murfi, don takarda da waya kada su faɗi a kan hanya. Ɗan maɗauri a kafaɗa, wai in na cire hula in soka ta a nan. Wanduna masu aljihun gefe. Baƙin bel, baƙin takalmi mai rufe idon sawu saboda ƙusoshin mota. Kaftani ɗaya na Juma'a. Kuma dukkansu, har kaftanin, launin toka. Ya ce fari ba ya jure ƙaiƙayin gero, baƙi yana shan rana, toka kuwa ko ka kwana cikin buhu ba ta tona maka asiri.

Zan faɗa maka abin da ya fi ƙona mini rai: gaskiyarsa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa kayan da suka san jikina irin waɗannan ba. Ba sa kama hammata, suna shan gumi, ka wanke da yamma su bushe kafin isha. Na dubi madubin Inna na ga mutumin da ba za a ce masa "kai, zo nan" ba. Ban ga abin da duk wani mai ido a garin nan ya gani ba. Riga toka mai aljihun murfi da maɗaurin kafaɗa da baƙin but. A Kano wannan gayu ne. A bakin iyaka, wa yake sa toka in ba kwastan ba?

Ya dawo ɗaukar hoto. Ya ce tasha ta cika hayaniya, yana son itace babba da hasken yamma. Idi, don kirki irin nasa, ya ce ya san wuri. Ya goya mu, mu uku kan babur, har gindin kukar nan ta bayan Mazanya, inda masu jarka ke sauke numfashi kafin su tsallaka. Shamsu ya ce in tsaya nan, in harɗe hannu, in ɗaga haɓa, in dubi nesa. Na tsaya ina yi masa biyayya kamar rago a hannun mai wanki. Ya zagaya ni da waya yana bayanin yadi. A bayana ga baburan mutane, ga jarkoki a ɗaure, ga hanyar da ta ratsa gonaki ta yi arewa. Ya sa a shafinsa, da sunana da sunan gari. Ya aiko mini yana murna wai mutane sun yi ta kallo.

Sun kalla kam. Mako bai zagayo ba 'yan sintiri suka dira gindin kukar nan. Sun tafi da babura da jarkoki, har da na Idi, wanda shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa. Washegari hotona ya zagaye wayoyin Jibiya, an yanke bayanin yadin, an bar mutum cikin toka, hannu a harɗe, yana tsaye kan hanyar jama'a. Sai kowa ya tuna baƙo mai tabarau da tambayoyinsa. Sai kowa ya tuna ledar da aka aiko daga birni. Yanzu in na shiga tasha hira tana mutuwa, kuma kalmar da ke tashi a bayana ka san ta: infoma.

Abin da nake so kaɗan ne. Ka je wurin mutuminka, ka ce ya buɗe wayar nan tasa ya yi magana da bakinsa: shi wane ne, me ya kawo shi Jibiya, wa ya zaɓi launin nan, wa ya ce a nemi gindin itace. Yadda ya yaɗa hotona haka zai yaɗa wankina.

Ka gaida Salmatu da maigidanka. Ka huta lafiya, in ka iya.

Ni ne naka,
Uwaisu.

Jibiya,
Litinin.

Zuwa ga Mu'azu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da fatan kasuwa tana yi. Inna ta ce a gaishe ka, ta ce kuma a tambaye ka ko ka manta tuwon da ka ci a gidan nan. Wannan tata ce, ba tawa ba, na dai isar.

Na ji saƙonka. Ka ce in yi haƙuri, maganar gari iska ce, za ta wuce. Mu'azu, a Kwari ne magana take zama iska. A nan in aka ce wa mutum infoma ba zagi ba ne, likkafani ne aka fara aunawa. Ka san haka, don tare muka taso, tare muka ga gidajen da aka wayi gari an rufe, masu su sun bar gari ba sallama.

Kuma ka ce ka isar da saƙona ga Shamsu. Ka isar kam, na ga aikinsa. Na ce ya yi bayani, shi kuwa sai ya goge. Ya share bidiyon daga shafinsa ƙaf, da bayanin yadin, da muryarsa yana cewa toka ba ta nuna ƙaiƙayi, da dariyar Idi a gefe yana cewa a ɗauke shi shi ma. Abu ɗaya tak da zan iya nuna wa mutane in ce ku duba, wauta ce ba cin amana ba, shi ya ɗauke. Abin da ya rage a wayoyin gari shi ne guntun hoton. Ka san abin da aka ce a teburin mai shayi? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In tallar riga ce, don me aka goge?

Na kira shi da kaina. Ya ɗauka da muryar nan tasa mai laushi kamar auduga. Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ya cire ne don ya kare ni. Ya ce shafin nan shi ne abincinsa, in aka haɗa sunansa da maganar fasa-ƙwauri da kame, manyan da yake yi wa shiga za su gudu, kuma an ba shi shawara kada ya ce uffan. Sannan, ka zauna da kyau kafin ka karanta wannan, ya ce zai sake haɗa mini wasu kayan kyauta, a launin ƙasa-ƙasa, wai ya fi dacewa da fatata. Gidana yana ci da wuta, mutumin nan yana tambayata wane fenti nake so! Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba, don Salmatu tana iya ɗaukar takardar nan. Tun daga nan in na kira sai wata mata ta ce lambar ba ta kusa.

Alhaji Faruk ya kira ni shagonsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shi ya san hatsinsa ta ƙofa yake bi da takarda, ba abin da zai ɓoye, kuma bai yarda da abin da ake faɗa a kaina ba. Amma 'yan dako sun ce ba za su ɗora buhu a motar da zan raka ba, direbobin Maraɗi sun ce ba za su zauna gaba ɗaya da ni ba. Ya ce in ɗan huta tukuna. Yana maganar yana duban rigata, ba fuskata ba. Shi da ya ce in gyara shiga.

Kada ka ce me ya hana in cire tokar. Da me zan maye gurbinta? Ka manta an yi sadaka da akwatina? Na ari farin kaftanin maƙwabcinmu Mudathir, ya tsaya mini a gwiwa kamar na ƙanena, na fita da shi. Ban kai bakin tasha ba wani ya ɗaga murya ya ce a'a, yallaɓai, yau kuma aikin ɓoye aka fito? Aka kwashe da dariya. In na sa toka, ga shi ya fito fili. In na cire, ga shi yana ɓuya. Ka gaya mini fatar da zan sa.

Ɗanwaken da Inna ke yi wa 'yan dako na rana, shekara da shekaru ba ya kai azahar, yanzu haka yake dawowa a roba ba a taɓa ba. Ta ce wai zafi ne ya hana mutane ci. Ta ɗauka ban ga tana juye wa awaki ba.

Na haɗu da Idi a bakin masallaci. Yana sanye da shuɗin kaftanina, Mu'azu. Na miƙa masa hannu na ce Idi, kai ka goya mu fa, kai ka zaɓi wurin. Ya dubi hannun ya bar shi a iska. Ya ce, shi ya sa, ai ni na kai ku da ƙafata, mi ya rage in ba in haƙa ramina ba? Ya ce ɗiyansa kunu suke sha ba sukari, ni kuwa ina yawo da but. Ya tofar da yawu a gefe, ba a kaina ba, ya wuce. Da ya mare ni da na rama na ji sanyi. Me zan ce wa mutumin da ya yi mini kirki ya rasa babur?

Ga abin da ban so in rubuta ba, amma ga shi. Ni kaina na fara tambaya. Na ce wawa ne kawai, ɗan birni da bai san inda ya sa ƙafa ba. Haka nake gaya wa kowa, haka na yarda. Amma in na kwanta sai tambayoyin nan nasa su dawo ɗaya bayan ɗaya. Wace hanya? Ina ake hutawa? Me ya sa mai gaskiya zai kashe waya? Ka ga abin da shirunsa ya yi: har ni da nake kare shi ya sa na fara auna shi da tef ɗin 'yan tasha. Shi ya sa na tambaye ka tun farko, ka san shi kuwa? Har yau ba ka amsa ba. Ka ce mini mutumin kirki ne, yana biya a kan lokaci. Ban tambaye ka yadda yake ciniki ba.

Ka gaida gida. Inna ta ce ka yi mana addu'a, ni kuwa na ce ka haɗa da tafiya shagonsa.

Naka,
Uwaisu.

Jibiya,
Alhamis.

Zuwa ga ɗan'uwana Mu'azu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Salmatu, Allah ya sa kuna lafiya. Na ce ɗan'uwana, kuma da gangan na rubuta, don abin da zan roƙa ba a roƙon sa wurin aboki kawai.

Jiya da hantsi na ji sallama a zaure. Kafin in fito mai sallamar ya tafi. A bakin ƙofa na tarar da shuɗin kaftanina, an wanke, an ninke. Kafin azahar jesin ƙwallona ya zo. Sai wandon da na ba mai gadin tasha, sai hular da na ba ɗan kamasho, sai shaddar nan mai sitaci, wadda ta koma ta tsaya jikin bango da kanta kamar mai gadi. Kowa ya ajiye ya juya. Ka taɓa jin an mayar da sadaka, Mu'azu? Tsibi ukun da Shamsu ya raba duk sun dawo gida: wanda nake sawa, wanda nake tausayi, da na mutumin da nake mafarkin zama. Inna ta kwashe su da hannunta ta kai ɗaki, ba ta yi dariya ba wannan karon.

Da la'asar Baba Nagoggo, shugaban 'yan dakon tasha, ya aiko in zo. Ka san shi ya fara ɗora mini buhu a ka, shi ya koya mini yadda ake sauke shi ba a karya wuya ba. Ya ce yara sun fara maganar da ba ya son ji, kuma ba kullum zai iya riƙe su ba. Ya ce ranar Lahadi, ranar kasuwa, bayan la'asar, za a zauna a rumfar tasha, 'yan dako da masu babur da direbobin Maraɗi, kowa da kowa. Ya ce rantsuwata ba za ta wadatar ba, don wanda ake zargi kowa ya san zai rantse. Mai tabarau suke so. Ya zo ya zauna, ya cire tabaran, a yi masa tambaya ya amsa. Baba Nagoggo ya dafa ƙirji ya ce baƙon a gefensa zai zauna, kan tabarmarsa, wanda zai taɓa shi sai ya fara taka gemunsa, kuma shi da kansa zai raka shi har Katsina. In ya zo, magana ta mutu a rumfar. In bai zo ba, ya ce, ɗana, ka nemi wani gari, don ba zan iya binne ka ba.

Inna ta riga ta ɗaure mini ƙunshi. Ta ce in bi motar asuba in zo wurinka, ko dakon atamfa ne in yi a Kwari, ita dai ta ji muryata a waya. Na kwance ƙunshin a gabanta. Ta yi kuka, na bar ta ta yi, don ban da abin da zan ba ta. In na gudu na sa hannu a kan maganarsu. Za a ce da ma mun faɗa. Inna ce za ta zauna a garin nan tana amsa sunan uwar infoma har ta koma ga Allah, ɗanwakenta kuma awaki su ci gaba da ci. Ba inda za ni.

Kuma na yanke abin da zan sa ranar Lahadi. Yanzu ina da zaɓi, ai kayana sun dawo. Amma tokar zan sa. Na wanke ta, na sa gawayi a dutsen guga na kwantar da murfin aljihun nan biyu, na goge but ɗin har yana ɗaukar ido. Ban sace ta ba, ba hukuma ta ba ni ba, da gumina na saya don in yi aikin halal. Zan shiga rumfar da ita, sauran rigunan tokar kuma in rataye su a igiya kowa ya taɓa, ya juya wuyan ya ga ɗinkin tela ne. In za a kore ni daga garin ubana saboda riga, to a kore ni ina cikinta.

Kai kuma, Mu'azu, ka rufe shago ranar Asabar. Kai ka kawo shi rayuwata, kai za ka kawo shi Jibiya. Kada ka aiko mini da saƙon murya, kada ka aiko da yadi, kada ka ce Allah ya kyauta. Allah yana kyautawa, ku ne kuka rage. Ka ɗauki takardar nan ka tafi inda yake, ka tsaya a gaban masu yi masa aiki da masu jiran awo, ka karanta masa wannan da ƙarfi:

Shamsu, ka ce mini ba ka ɗinka wa mutum riga sai ka san yininsa. To ga yinina yanzu, zo ka gani. Ka yi wa garin nan tambaya tun safe har la'asar, kowa ya amsa maka da fara'a, har wani ya goya ka a baburin da yau ba shi da shi. Yanzu garin ne yake da tambaya. Wa ya zaɓi toka? Wa ya ce a nemi itace da hasken yamma? Abin da ka danna a wayarka, ina ka kai shi? Wa ya sa hanyar mutane a idon duniya, kuma da wuta ta tashi wa ya goge sawunsa ya bar ni tsaye a gindin kuka ni kaɗai? In wauta ce, zo ka ce wauta ce, Jibiya ta san wawa, tana yafe masa. In wani abu ne daban, zo ka faɗa a gaban Idi. Lahadi, bayan la'asar, rumfar tasha. An shimfiɗa maka tabarma. Ba za ka sha wuyar gane ni ba, kai ka yi mini shigar.

Wassalam.

Ni ne,
Uwaisu, Jibiya.